Kogin da Aka Bari Yana Tafiyarsa: Asara Ce ko Amana?

Ranar 2 ga Oktoba 1968, Shugaban Amurka Lyndon Johnson ya sa hannu a kan wata doka wadda babu aikin gini ko ɗaya a cikinta. Abin da ta tanada shi ne a kame hannu. Ta ware sassan koguna takwas, daga cikinsu akwai Rogue a jihar Oregon, da Rio Grande a New Mexico, da reshen tsakiya na kogin Salmon a Idaho, ta ce ba za a ba kowa izinin kafa madatsar ruwa a kansu ba, kuma babu wata hukumar tarayya da za ta zuba kuɗi a aikin da zai karkatar da su ko ya ɓata kamarsu. Dalilan da dokar ta kawo su ne kyan gani, da wurin shaƙatawa, da tsarin duwatsu, da kifaye da namun daji, da tarihi da al'adun mutanen wurin. Yau koguna sama da 220 ne ke ƙarƙashin wannan kariya, tsawonsu ya haura kilomita 21,000. Duk da haka ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kogunan ƙasar ba, alhali madatsun ruwan da ke cikin rajistar gwamnati sun fi 90,000.

Tagwaye biyu masu nazarin namun daji, John da Frank Craighead, su ne kan gaba wajen kawo wannan tunani, bayan sun tashi tsaye a kan wata madatsa da aka so ginawa a kogin Flathead na Montana. Hujjarsu mai sauƙi ce: an riga an tare kogunan ƙasar da yawa, a bar wasu yadda Allah ya halicce su, don na baya su san yadda kogi yake.

Wanda yake son ganin abin da dokar ta haifar, sai ya duba reshen tsakiya na Salmon. Kimanin kilomita 165 ne na ruwa mai sanyi da garai-garai, yana ratsa kwazazzabai masu zurfi, babu titin mota da ke bin gaɓarsa. A lokacin zafi, da mutane ke tururuwa, sai an yi ƙuri'a kafin mutum ya sami takardar shiga da kwale-kwale, kuma rukuni bakwai kaɗai ake bari su tashi a rana. Duk wanda ya shiga, da kaskon hura wuta zai tafi, ya kwaso tokarsa ya fito da ita. Hatta bayan gida a cikin akwati na musamman ake yi, a ɗora shi a jirgi har ƙarshen tafiya. A ƙarƙashin waɗannan kwale-kwale ne kifin salmon ke wucewa, bayan ya taso daga tekun Fasifik ya yi tafiyar da ta haura kilomita 1,200, ya haye madatsu takwas a kogunan Columbia da Snake, ya zo ya zuba ƙwansa a cikin tsakuwar da aka ƙyanƙyashe shi, sannan ya mutu. Gawarsa abinci ce ga mikiya da ƙwari, ragowarta kuma taki ce ga itatuwan bakin ruwa.

Mutumin da ya tashi inda ake sayen ruwa a jarka, ko inda mata ke tona yashi a tsakiyar busasshen rafi a watan Maris, yana da haƙƙin ya yi tambaya idan ya ji wannan labari. Ruwa abokin aiki ne. A bar shi yana gangarawa teku bai juya injin lantarki ba, bai shayar da gona ba, saboda wasu su hau kwale-kwale su ɗauki hoto, wannan ba almubazzaranci ba ne da ni'imar Allah?

Tambayar ba sabuwa ba ce, kuma Amurkawa sun yi musu a kanta da zafi tun kafin wannan doka. Bayan girgizar ƙasa da gobarar 1906, birnin San Francisco ya nemi ya tare kogin Tuolumne a kwarin Hetch Hetchy, wanda ke cikin gandun Yosemite. John Muir, ɗan wani mai wa'azin Kirista mai tsanani da ya yi ƙaura daga Scotland, ya ɗauki kwarin a matsayin wurin ibada da Ubangiji ya gina da kansa, yana ganin nutsar da shi daidai yake da mayar da majami'a tankin ruwa. Gifford Pinchot, wanda ya fara shugabancin hukumar gandun daji, ya tsaya a kan cewa ma'aunin kowace dukiyar ƙasa shi ne yawan mutanen da za ta amfana da kuma tsawon lokacin amfanin. Pinchot ne ya yi nasara. Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu a Disamba 1913, Muir ya rasu bayan shekara guda, aka kammala madatsar a 1923. Yau mutane sama da miliyan biyu da rabi ke shan wannan ruwa, yana gangarowa da kansa daga duwatsu, kuma tsaftarsa ta sa ba a ma tace shi. Duk mai adalci zai yarda cewa ba ƙaramin alheri ba ne. Shayar da mai ƙishi yana cikin manyan ayyukan lada a kowane addini, kuma wanda ya raina hujjar Pinchot bai taɓa kwana da ƙishi ba.

Sai dai ma'aunin Pinchot yana da giɓi. Idan amfanin da ake iya ƙirgawa shi kaɗai ne ma'auni, babu kogin da zai tsira, domin kullum ana iya lissafa megawat nawa da buhu nawa za a samu, ba a iya lissafa abin da za a rasa. Kogi na farko a tare, na biyu a tare, kowane da hujjarsa mai kyau, har a wayi gari babu ko ɗaya da ya rage, kuma babu ranar da wani ya zauna ya yanke shawarar a ƙarar da su duka. Dokar 1968 ba ta ce Pinchot ya yi kuskure ba. Ta sa masa iyaka ne, iyakar da lissafinsa ba zai iya sa wa kansa ba.

Musulmi yana da abin cewa a nan, kuma abin da yake da shi ya fi na Muir faɗi. Alƙur'ani ya faɗa a fili, a Suratu Ibrahim, cewa an hore wa mutum koguna. Wannan ya rufe ƙofar duk wani tunani da ke ganin noman rani ko madatsar ruwa laifi ne a karan kansa. Amma wanda aka hore wa abu bai zama mai shi ba. Littafin ya kawo misalin wanda ya ɗauki koguna mallakarsa, yana alfahari a gaban jama'arsa cewa suna gudana a ƙarƙashinsa, kuma Fir'auna ne. Ya kawo labarin mutanen Annabi Salihu, inda aka raba ruwa tsakanin gari guda da taguwa guda, tana da ranarta suna da tasu, kuma halakarsu ta zo ne lokacin da suka ga rabon dabbar ya yi musu yawa. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Suratul Isra'i ta ce babu wani abu da ba ya tasbihi, mu ne dai ba mu fahimta. Idan an haɗa waɗannan, kogi ba ya jiran mutum ya zo kafin ya zama mai daraja. Yana kan aikin da aka sa shi tun kafin a san da shi, kuma akwai masu rabo a cikinsa waɗanda ba sa zuwa taron majalisa.

Akwai wani wuri a Suratu Faɗir da ya dace da batun duwatsu fiye da yadda ake zato. An ja hankali zuwa ga zane-zanen da ke jikin tsaunuka, farare da jajaye masu launi iri-iri da baƙaƙe wuluk, sannan nan take aka ce masu ilimi su ne suke tsoron Allah na gaskiya. Wanda ya tsaya a kan gadar Rio Grande kusa da garin Taos, ya leƙa kwazazzabon da zurfinsa ya kai mita 240 a wasu wurare, zai ga irin wannan zane: shimfiɗar baƙin dutsen aman wuta, a ƙarƙashinta tsakuwa, a ƙarƙashinta wata shimfiɗar, kowace tana nuna lokacin da ƙasa ta tsage ta zubo da narkakken dutse, ta huce, ruwa ya zo ya rufe ta da yashi. Kogin ne ya yanka ƙasa ya buɗe wannan tarihi. A Grand Canyon, kogin Colorado ya yanka har ya kai ga duwatsun da masana suka ƙiyasta shekarunsu da kusan biliyan 1.7. Addinin da ya umarci mabiyansa su yi tafiya a bayan ƙasa su duba yadda aka fara halitta ba zai ɗauki wurin da ake iya yin wannan duba a matsayin kufai ba. Nutsar da irin wannan wuri kamar wanke allon ɗalibi ne tun bai biya ba. Kwazazzabon Glen, a saman Grand Canyon, haka aka yi masa: an rufe ƙofofin madatsarsa a 1963, ruwa ya haɗiye shi tun mutane kaɗan ne suka taɓa ganinsa, kuma baƙin cikin wannan yana cikin abin da ya ingiza dokar 1968.

Shaƙatawa ma, wadda ita ce mai rauni a idon mai tambaya, ba abin rainawa ba ce. A wurare da yawa da aka siffanta Aljanna, gonaki ne da ƙoramu suna gudana a ƙarƙashinsu. Mahaliccin zuciyar mutum ya san abin da ke kwantar da ita, kuma ruwa mai tafiya ya zaɓa. Dattijon da ya zauna a bakin gulbi bayan la'asar yana kallon masu su, da yaron da ke tsalle cikin ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, ba ɓata lokaci suke yi ba.

A shekarun nan wasu ƙasashe sun bi wata hanya daban don kare koguna: su mayar da kogin mutum a gaban shari'a. A Maris 2017 majalisar New Zealand ta yi wa kogin Whanganui haka, bayan al'ummar Maori sun shafe fiye da shekara 140 suna nema, domin a wurinsu kogin kaka ne. An naɗa masa wakilai biyu, ɗaya daga Maori ɗaya daga gwamnati, su yi magana da yawunsa. A watan Maris ɗin dai wata babbar kotu a jihar Uttarakhand ta Indiya ta ba Ganges da Yamuna irin wannan matsayi, amma Kotun Ƙoli ta dakatar da hukuncin bayan 'yan watanni, bayan gwamnatin jihar ta yi tambayar da ba ta da amsa mai sauƙi: idan kogin ya yi ambaliya ya ci gidaje, wa za a kai ƙara? Ga Maori tsarin ya fito ne daga imaninsu, shi ya sa ya zauna. Ga wanda ba ya ɗaukar kogi kaka ko abin bauta, aron wannan riga bai zama dole ba, kuma yana iya kawo ruɗani a aƙida da shari'a. Matsalar ba rashin haƙƙi a wajen kogi ba ce. Rashin wanda zai amsa tambaya a kansa ne, kuma fiƙihu ya daɗe da tanadin wannan.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'i a kusa da Madina ya hana kowa mallake shi. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza, kuma umarnin da ya ba mai tsaron makiyayar, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Buhari, shi ne ya bar masu 'yan raƙuma da 'yan tumaki su shiga, ya tare garken Ibn Auf da na Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu sun mutu suna da gonakin dabino da za su koma, talaka kuwa ƙofar halifa zai zo da 'ya'yansa. Malamai sun kuma yi bayanin haramin kogi da na rijiya, wato filin da ke gefensu wanda ba a yarda wani ya gine shi ko ya mallake shi ba. Dokar Amurka, da ta ware kimanin mita 400 a kowace gaɓa, kusan abin da ta yi ke nan. Bambancin yana wurin Umar: keɓewarsa ta san wanda za ta fifita.

A nan ne tsarin Amurka yake da tabo. Reshen Salmon da ake kira daji wanda hannun mutum bai taɓa ba, gidan mutane ne. Wani reshen ƙabilar Shoshone mai suna Tukudeka ya zauna a can ƙarni bayan ƙarni yana farautar tumakin dutse, har sojoji suka fitar da su a 1879. Zanen hannunsu da jan ƙasa yana nan a jikin duwatsu, masu kwale-kwale suna tsayawa su kalla. Keɓewar da ta fara da korar mai rauni, sannan ta buɗe ƙofa ga wanda zai iya biyan kuɗin yawon kwana shida, ta kare kogi amma ta juya umarnin Umar baibai.

Labarin kogin Klamath, tsakanin Oregon da Kalifoniya, ya nuna wani abu kuma. A 2001 fari ya sa aka rufe wa manoman rani ruwa, suka yi bore. A 2002 aka ba su, ruwan kogin ya ragu ya yi ɗumi, manyan kifayen salmon sama da 30,000 suka mutu suka yi ta yawo a kan ruwa a gaban idon ƙabilun Yurok da Karuk, waɗanda abincinsu da ibadarsu ke rataye da wannan kifi. Bayan shekaru ashirin na shari'a da zaman sulhu, aka rushe madatsu huɗu, aikin ya ƙare a Oktoba 2024, kuma a cikin watan aka ga salmon a sassan Oregon da ya yi fiye da ƙarni bai taka ba. Wanda ya dubi wannan rikici da kyau zai ga ba tsakanin mutum da kyan gani aka yi shi ba. Tsakanin mutum da mutum ne, na sama da na ƙasa, mai gona da mai koma. Sau da yawa abin da ake kira ruwan da ke tafiya a banza abincin wani ne da ba a sa shi cikin lissafi ba.

Mutanen Haɗeja da Nguru da Gashuwa ba sa bukatar a fassara musu wannan. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, kuma birnin Kano da manoman Kadawa da Kura sun amfana ƙwarai, shinkafa da tumatur da alkama shaida ne. Amma fadamar Haɗeja-Nguru da ambaliyar damina take rayuwa. Ruwa ya malala ya ja, masunta su kama tarwaɗa da karfasa, manomi ya bi danshi ya shuka, Bafulatani ya sauko da shanu da rani, ruwan ƙasa ya cika rijiyoyi, dinya da kirinjijiya su haɗu da agwagin da suka ƙetaro Sahara daga Turai a tafkin Dagona. Da madatsu da fari suka haɗu, filin da ruwa ke mamaya ya ragu sosai. Sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara kuma ya ba kachalla dama ta toshe magudanai, ta mamaye gonaki, ta zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi. A farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna, suka gano cewa idan aka kwatanta abin da ma'aunin ruwa guda ke samarwa, fadamar ta ninka aikin noman ranin kogin Kano sau da yawa. Ko da ma'aunin Pinchot aka yi awo, ruwan da aka bari ya malala bai yi asara ba.

Hukuncin wannan yana cikin Muwaɗɗa, littafin da ake karantawa a zaurukan garuruwan nan: game da ƙoramun Mahzur da Muzainib na Madina, na sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. An ba shi haƙƙin tarewa, an kuma gaya masa inda zai tsaya. Kabawa ma sun san kame hannu a aikace. Gurbin Matan Fada a Argungu ana hana su a cikinsa tsawon shekara a ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ya sa ranar da dubban masunta suka ruga da homa da gora ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu ko uku sun ɗauka. Bikin ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, kuma da ba a hana kamun ba da babu abin da za a zo kallo.

Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos ya ratsa Bauchi ya haɗu da na Haɗeja suka zama Komadugu Yobe, har yau ba a tare shi da babbar madatsa ba, kuma ambaliyarsa ce ke riƙe da babban kaso na abin da ya rage na fadamar. An fara aikin madatsar Kafin Zaki a kansa a zamanin Shagari, aka tsaya a 1984, tun daga nan ana ta tayar da maganar tana kwanciya. Bauchi tana so saboda noman rani, Yobe da Borno suna tsoron abin da zai same su, ruwan kuma yana bin iyakar Nijar ta yankin Diffa kafin ya kai tafkin Chadi. Abin da ya bar shi yana tafiya shi ne rashin kuɗi da saɓanin jihohi, ba wata doka da ta ce a bar shi ba. Duk ranar da kuɗi suka samu, tambayar za ta dawo, kuma kafin ranar ya kamata injiniyoyi da malaman fiƙihu da sarakunan ruwa da ardo-ardo na makiyaya, daga Ningi har Gaidam, su zauna su fitar da inda idon sawun na sama yake a wannan kogi, da rabon da za a rubuta wa fadama da tsuntsayenta a cikin dokar kanta.